Taka, Riƙe, Saki

Ran Laraba na karɓo ta daga Agoro,
an wanke kalifa, an sa sabon takalmin birki,
Oga Shitu ya ƙirga kuɗinsa har da na sabulu.
Ban kai PZ ba ƙafata ta yi ƙorafi.

Na taka, ya tafi.
Na ƙara, ya tafi,
kamar na taka nunanniyar gwanda.
A bakin layin dogo mai keke ya ci birki a gabana,
buhun tattasai biyu da wata tsohuwa a baya.
Salati uku na yi, birki huɗu na buga,
motar ta tsaya saura taku ɗaya.
Tsohuwar ko waiwayowa ba ta yi ba.

Na juya.
Na iske shi gindin darbejiya yana cin rogo da ƙuli.
"Sabon takalmi ne, Malam, bai saba da faranti ba.
Ba shi kwana biyu, zai zauna."
Na ce shekara tara ƙafar nan tana taka ƙarfen nan,
ba ta yi boko ba, amma ba ta ƙarya.

Ya suɗe yatsa, ya ɗaga bonet.
Man birki na nan har wuya.
Ya bi tiyo da hannu kamar mai duban karaya,
babu kumburi, babu yoyo,
bayan kowace taya a bushe ƙamas.
"To, iska ce ta shige ta. Hau ciki."

Taka! Taka! Taka! Riƙe!
Ya kwance ɗan noti, mai ya tsarto cikin gorar lemo.
Saki!
Daga tayar baya muka faro, muka zagaye huɗun,
muka sake zagayewa.
Cinyata ta ɗau zafi, rigata ta manne da kujera,
aka kira la'asar a masallacin 'yan katako,
birki na nan jiya i yau.

Ya goge goshi da bayan hannu.
"Masta ce ta mutu. Sai dai sabuwa."
Ya faɗi kuɗin.
Na ji gwiwata ta yi irin ta birkin.

Akwai wani yaro, Ɗanliti,
aikinsa wanke noti a kwanon fetur,
ba a aikensa sai sayen ruwa.
Yana tsugune jikin tayar gaba, ya ce, ƙasa-ƙasa,
"Oga, notin iskar nan ƙasa yake kallo."
Ba wanda ya tanka.
"Na wancan gefen ma haka.
Ko na hagu aka ɗaura a dama?"

Rediyon mai faci kaɗai ke magana.

Ashe iska a cikin mai sama take hawa,
ta laɓe can ƙololuwa,
mu kuwa tun azahar muna buɗe mata ƙofar ƙasa.
Ko kwana za mu yi, mai za mu zubar, ita tana zaune.

Oga Shitu ya tsuguna, ya daɗe yana kallo.
Bai ce komai ba, ya miƙa hannu, aka sa masa sifana.
Na dama ya koma dama, na hagu hagu.
Taka! Riƙe!
Sai ga kumfa, tsil, tsil, tana bin juna cikin gora,
'yar abar da ba ta cika cokali ba,
ita ta so kai ni bayan tsohuwa.

Na taka.
Ya tokare ni kamar dutsen Kufena.

Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba.
Kuɗin mai kawai ya karɓa.
Ina ja da baya na hango shi a madubi
ya tura wa yaron sauran rogon,
ya ɗora masa sifanar a kan cinya.

A layin dogo babu kowa a gabana.
Na taka duk da haka,
don in ji.